Waya a kan tuƙi: daƙiƙa uku sun isa a rasa rai

Duk wanda ya tsaya bakin babbar kasuwar Maraɗi ko kasuwar Dole ta Damagaram da marece, ba zai daɗe ba sai ya ga ɗan kabu-kabu ya wuce da fasinja a baya, hannu ɗaya na riƙe da babur, ɗayan ya manna salula a kunne. Haka ma direbobin taksi a Yamai da matuƙa adaidaita sahu. Abin ya zama jiki, har fasinja ba ya tanka wa direba.

Doka kuwa tana nan. Nijar na da kundin dokokin hanya da aka amince da shi a shekarar 2014, kuma hukumar ANISER mai kula da kiyaye haɗurra ta sha yin faɗakarwa kan amfani da waya lokacin tuƙi, da sanya hular kwano, da ɗaura bel. Sai dai ɗan sanda ko jandarma ba zai iya tsayawa a kowace kwana ba.

Lissafin haɗarin ba shi da wuya. Motar da ke gudun kilomita 50 a awa tana cin kusan mita 14 a kowace daƙiƙa. Idan direba ya sunkuya na daƙiƙa uku don duba saƙon WhatsApp, ya yi tafiyar mita 40 da 'yan kai bai ga gabansa ba. A kan babbar hanyar RN1, wadda ta taso daga Yamai ta ratsa Doso, Dogonduci, Birnin Ƙonni da Maraɗi zuwa Damagaram, mai gudun kilomita 90 da ya kau da ido na daƙiƙa biyar ya shafe mita 125, fiye da tsawon filin ƙwallo. A wannan tazara amalanke na iya shigowa, ko garken awaki, ko yaro mai tsallaka titi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai amfani da waya yana tuƙi ya fi wanda ba ya yi shiga haɗari da kusan ninki huɗu. Ta kuma ce sanya abin kunne ko buɗe lasifika ba ya rage haɗarin sosai, domin hankali ne ke tafiya wajen hira. Rahotonta na 2023 ya nuna mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a kan hanya kowace shekara, kuma haɗarin hanya ne ya fi kashe masu shekara 5 zuwa 29 a duniya.

'Yan Nijar mazauna Faransa sun san tsananin dokar can: riƙe waya a kan tuƙi tarar yuro 135 ce, wato sama da jika 88 ta sefa, tare da rage maki uku a lasisin tuƙi. Tun 2015 aka haramta wa direba sanya abin sauraro a kunne. Amma wanda ba ya taɓa waya a titin Paris, sau da yawa shi ne zai kira ƙaninsa ɗan kabu-kabu a Tawa da tsakar rana, ya yi ta kira har sai an ɗauka.

Ga ɗan kabu-kabu, waya kayan sana'a ce. Ta nan abokan hulɗa ke nemansa, ta nan mai babur ke tambayar kuɗin yini. Kiran da bai ɗauka ba na iya zama cinikin da ya kuɓuce, shi ya sa tsoron tara kaɗai ba ya hana shi. Amma taura biyu ba ta taunuwa. Tsayawa gefen titi a amsa kira bai wuce minti ɗaya ba, karayar ƙafa kuwa watanni ce a kwance, ga iyali na jiran cefane.

Nauyin bai tsaya kan direba ba. Mai kira zai iya fara tambayar "kana kan hanya ne?", in amsar e ce ya kashe, ya sake kira daga baya. Fasinja ma yana da ikon cewa direba ya ajiye waya ko ya sauke shi, tunda da ransa ake wannan caca.