Abubuwan da ya kamata ka sani game da koyon Japananci

Bahaushen da ya ɗaura niyyar koyon Japananci, da wuya ya sami littafin da ba na Turanci ko Faransanci ba. Littattafan nan kuwa an rubuta su ne domin kunnen Bature, sai su yi ta jaddada wahalar abubuwan da mu muka tashi da su a baki, su kuma wuce wuraren da mu za mu yi tuntuɓe. Ina ganin asara ce mutum ya ajiye Hausarsa a ƙofar aji, domin ita ce za ta warware masa rabin tambayoyinsa.

Kunnenka ya riga ya san rabin aikin

Japananci yana da wasula 5, irin namu: a, i, u, e, o. Kuma yana bambanta dogon wasali da gajere. Yadda garin da ake zama ya bambanta da garin tuwo, haka obasan, wato goggo ko inna, ta bambanta da obaasan, wato kaka. Ka kira mace mai matsakaicin shekaru da ta biyun, ka ga yadda fuska za ta canja. Akwai kuma ninkin baƙi, irin na baba da babba: kite na nufin "zo", kitte kuwa kan sarki ne na wasiƙa, oto sauti ne, otto miji.

Sai dai a kula, rubutun boko kan ɓoye wannan tsawo, kamar yadda namu yake ɓoyewa. Sunan birnin Tokyo, duka wasulansa biyu dogaye ne, Japanawa kuma bugu 4 suke ƙirga masa.

Karin sauti ma yana nan. A lafazin Tokyo, ame da aka fara da sama ruwan sama ne, wanda aka fara da ƙasa alewa ce. Hashi kuwa ya fi ban sha'awa: in an fara da sama, tsinkayen cin abinci ne, in an fara da ƙasa, ko dai gada ko gefen abu, kuma ba ka rarrabe waɗannan biyun sai an liƙa musu ƙaramar kalma a baya, murya ta faɗi bayan gada, ta zauna a sama bayan gefe. Wanda ya san kukan yaro daban da kukar miya ba zai sha wuya a nan ba. Mutanen Osaka da Kyoto suna da nasu karin, wani lokaci ma kishiyar na Tokyo, don haka ka zaɓi ɗaya ka riƙe.

Inda za mu yi hattara wurare uku ne. Sautin tsu nasu ba ya da ƙarfin fitar tsa ɗinmu ta tsamiya, a sassauce ake yin sa. Sautin p yana zaman kansa, kada pan, wato burodi, ya koma fan. Sannan u ɗin ƙarshen desu da masu, kalmomin da ke rufe jimlar ladabi, kusan ba a jin sa.

Wa da ga: tambayar da kowa yake yi

Aikatau a Japananci a ƙarshen jimla yake zuwa, ƙananan kalmomi kuma suna bin bayan suna su nuna aikinsa: o tana nuna abin da aka yi wa aikin, ni tana nuna inda aka nufa ko lokaci, de tana nuna inda aka yi aikin ko abin da aka yi shi da shi. Waɗannan haddace su ake yi a wuce. Wa da ga ne suke hana ɗalibai barci, domin littafi kan fassara su iri ɗaya.

Saurari waɗannan jimloli biyu na Hausa. "Audu dai, ya zo." "Audu ne ya zo." A ta farko, mun riga mun san Audu, an ajiye shi a gaba ne domin a ba da labarinsa. Wannan shi ne aikin wa. A ta biyu, an san wani ya zo, ana neman ko wane ne. Wannan yana daga aikin ga. Shi ya sa kalmar tambaya dare, wato "wane ne", ga take ɗauka, amsarta ma haka. Kuma kamar yadda "shayi kam ina sha" ke nuna akwai abin da ba ka sha, haka wa take ɗaukar ma'anar kwatanci.

Masanin nahawu Mikami Akira ya fitar da littafi a 1960 wanda ya sa wa suna da jimlar da ta haɗa su biyun, Zoo wa hana ga nagai. A Hausa sai mu ce, "Giwa dai, hancinta dogo ne." Jimlar da ta jawo muhawara mai tsawo tsakanin masana, ga ta ta zauna daram a bakinmu. Ban ce daidaiton ya cika ba: ga tana kuma gabatar da sabon abu, kamar in ka leƙa waje ka ce ana ruwa, tana kuma bin abin da ake so ko aka iya. Amma da wannan ma'auni za ka yi nisa kafin ka buƙaci wani.

Abu ɗaya na rubutu: wa ɗin nan da harafin ha ake rubuta ta, tsohon rubutu ne da ya saura.

Abin da ba ya nan

Babu jinsin namiji da tamace a aikatau, babu ya da ta. Mafi yawan sunaye ba sa canjawa a jam'i. Aikatau 2 ne kacal suka yi fice wajen saɓa wa ƙa'ida, suru da kuru, wato yi da zuwa. Ladan wannan sauƙi kuwa a ƙirga ake biyan sa, domin kowane irin abu da kalmar ƙirgarsa: mutane da nin, dogayen abubuwa da hon, masu faɗi kamar takarda da mai, ƙananan dabbobi da hiki.

Da wa kake magana?

Nan ne ainihin wahalar take, kuma nan ne harshen ya fi burge ni. Ƙamus zai ce maka anata na nufin kai ko ke. Gaskiya ne, amma fuskantar malaminka ko babba da ita rashin ladabi ne. Sunan mutum ake kira a ƙara san, ko a kira matsayinsa, kamar sensei ga malami da likita. Ba ka kuma taɓa sa wa kanka san. Wanda ya girma inda ake ce wa babba "ku", inda uwa ke alkunyar sunan ɗan fari, ya san cewa sunan da aka ƙi faɗa ma magana ce.

Girmamawar tasu, keigo, ta shiga har cikin aikatau. Ci shi ne taberu. In babba ne ke ci, meshiagaru. In kai ne kake ci a gabansa, itadaku. Tun da can kashi 3 ake koyarwa: ɗaukaka wani, ƙasƙantar da kai, da lafazin ladabi na desu da masu. A 2007 wata majalisar gwamnati mai ba da shawara kan al'adu ta faɗaɗa rabon zuwa 5. Abin da ke ba baƙo mamaki shi ne batun na gida da na waje. Ma'aikaci yana girmama shugabansa a ofis, amma in baƙo ya kira waya, sai ya ambaci sunan shugaban ba san, domin a gaban bare shi na gida ne. Haka mahaifiyarka haha ce in kana ba wani labarinta, ta wani kuwa okaasan.

Ƙin abu ma a lulluɓe yake zuwa. Chotto ma'anarta "kaɗan", amma in ka gayyaci mutum ya ja ta ya yi shiru, ya ƙi ke nan, kada ka matsa. Sumimasen tana neman gafara, tana kiran mai hidima a gidan abinci, tana kuma godiya ga wanda ya wahala dominka. Shawarata ga mai farawa ita ce ya zauna kan desu da masu har sai abokin magana ya sassauta da kansa. Maganar jaruman fina-finan zane kuwa, a bar ta a fim.

Rubutun fa?

Hiragana da katakana, jerin haruffan sauti biyu na Japananci, kowanne yana da haruffa 46 na asali, ana iya kama su cikin 'yan makonni, kuma gara a yi hakan da wuri a rabu da boko. Kanji, waɗanda aka aro daga Sin, su ne doguwar tafiya: jerin da gwamnati ta sabunta a 2010 yana da 2,136 na amfanin yau da kullum, yawancinsu da karatu fiye da ɗaya. Harafin dutse ana karanta shi yama, ana kuma karanta shi san, don haka san ɗin Fujisan, wato Dutsen Fuji, dutse ne, ba ta girmamawa ba ce. A koyi kanji cikin kalmomi, kada a haddace su a ware. Jarrabawar ƙwarewa ta JLPT, wadda aka fara a 1984, tana da matakai 5 tun 2010, daga N5 zuwa N1. Karatu da saurare take aunawa, ba ta auna magana, saboda haka mai shirya mata ya nemi wanda zai riƙa hira da shi.