Mercedes-Benz S-Class: Abin da Ake Faɗa da Abin da Yake Gaskiya

Mercedes-Benz S-Class ita ce babbar motar alfarma mai ƙofa huɗu ta kamfanin Mercedes na ƙasar Jamus. An fara kiranta da wannan suna a 1972, lokacin da samfurin W116 ya fito, kuma daga nan zuwa W223 na 2020 an yi zubi bakwai. Ana ƙera ta a Sindelfingen, kusa da birnin Stuttgart. Doguwar W223 ta 2020 ta kai mita 5.29, nauyinta kuwa ya haura tan 2. Da yake motar shugabanni ce da sarakuna da manyan attajirai, masu ganinta sun ninka masu hawanta nesa ba kusa ba, shi ya sa labarai suka yi mata yawa a gareji da wajen dillalai da majalisun hira. Wasu labaran gaskiya ne, wasu rabin gaskiya, wasu kuma na iya jawo asarar rai idan aka yarda da su.

Wanda ya fi yaɗuwa shi ne cewa harsashi ba ya huda babbar Marsandi. Wannan ba gaskiya ba ne. S-Class da ake sayarwa kowa da kowa an yi jikinta da ƙarfe da alminiyam kamar sauran motoci, gilashinta kuma gilashin mota ne. Abu biyu ne suka rura wannan zance. Na farko, tun daga W140 na 1991 ake sa wa motar gilashin ƙofa mai ruɓi biyu, wanda idan aka sauke shi ana ganin kaurinsa, amma an yi shi ne don tare ƙara da zafi da sanyi. Na biyu shi ne gilashi mai duhu, wanda yake hana ganin na ciki kawai, ba ya tare komai. Baƙar Marsandin da aka kashe Janar Murtala Ramat Mohammed a cikinta a Legas ranar 13 ga Fabrairu 1976 ba ta wannan aji ba ce, kuma ba ta da sulke; tana nan ajiye a gidan tarihi na ƙasa da ke Legas da hujin harsasai a jikinta.

Mai sulken tana nan, amma mota ce daban da ake yi bisa oda, sunanta Guard. S 680 Guard da ta fito a 2021 tana da matakin kariya na VR10, mafi girma da ake ba motar farar hula, gilashinta ya kai kaurin santimita da dama, nauyinta ya haura tan 4, kuma saboda wannan nauyi aka tsayar da gudunta a kilomita 190 cikin awa. Ita ma kariyarta tana da iyaka. Shugaban Jojiya Eduard Shevardnadze ya tsira a cikin Marsandi mai sulke lokacin da aka buɗe wa ayarinsa wuta a Tbilisi a watan Fabrairun 1998. Amma a watan Nuwamban 1989 bam ɗin da aka dasa a gefen hanya ya kashe Alfred Herrhausen, shugaban bankin Deutsche Bank, yana cikin tasa mai sulke a garin Bad Homburg.

Akwai kuma masu cewa duk wata na'urar kariya da ke cikin motocin duniya daga wannan mota ta fito. A nan akwai gaskiya mai yawa, sai dai an zarce. A 1978 aka fara sa wa W116 birkin ABS mai aiki da kwamfuta, wanda aka haɗa da kamfanin Bosch. A 1981 W126 ta samu jakar iska ta direba tare da na'urar da ke ɗaure bel tamau a daidai lokacin karo. A 1995 na'urar ESP, mai hana mota sulɓewa a kwana, ta fara fitowa a ƙanwarta mai ƙofa biyu. Waɗannan duk sun bazu daga baya har zuwa ƙananan motoci. Amma bel mai ratsa ƙirji da ƙugu injiniyan Volvo ne, Nils Bohlin, ya fito da shi a 1959, kuma kamfanin General Motors na Amurka ya riga ya sayar da motoci masu jakar iska tun tsakiyar shekarun 1970.

Game da ABS, ana yawan ɗauka cewa yana taƙaita tazarar tsayawa a ko'ina. Aikinsa na asali shi ne hana tayoyi kullewa, domin direba ya iya juya sitiyari yana danne da birki. A kan kwalta yakan taimaka wajen tsayawa da wuri, amma a kan yashi ko burji tazarar na iya ƙaruwa. Rawar da fedar birki ke yi a ƙarƙashin ƙafa idan an taka da ƙarfi alama ce ta na'urar tana aiki, don haka ba a ɗage ƙafa.

Zancen da ya fi kowane haɗari shi ne cewa wanda ke cikin irin wannan mota ba ya buƙatar ɗaura bel, musamman mai gida da ke zaune a baya. Jakar iska an yi ta ne ta zama ƙari a kan bel. Tana fashewa ta cika cikin abin da bai kai ƙiftawar ido ba, kuma an auna ta ne da mutumin da bel ya riƙe a mazauninsa. Wanda bai ɗaura ba yakan tarar da ita tana tsakiyar buɗewa, ko ya zame ta gefenta. Na baya da bai ɗaura ba kuwa, jikinsa yakan yi gaba da irin gudun da motar ke yi, ya afka wa kujerar gaba da wanda ke kanta. Haɗarin da ya kashe Gimbiya Diana a Paris ranar 31 ga Agusta 1997 ya faru ne a cikin S 280 samfurin W140. Motar ta daki ginshiƙi na 13 a hanyar ƙarƙashin ƙasa ta Alma da gudun da ya kai kusan ninki biyu na kilomita 50 da doka ta yarda a wurin. Mutum uku suka mutu, ɗaya ya tsira da munanan raunuka. Binciken da aka kammala a Ingila a 2008 ya ɗora laifin a kan tuƙin ganganci da maye na direba da kuma tuƙin gangancin masu ababen hawan da ke binsu a baya, ya kuma ambaci rashin ɗaura bel cikin abubuwan da suka jawo mutuwar. W223 tana da jakar iska a bayan kujerun gaba saboda na baya, kuma wadda ke da na'urar E-Active Body Control tana iya ɗaga jikinta kusan santimita 8 idan ta hango za a dake ta a gefe. Duk wannan an tsara shi ne a kan cewa kowa ya ɗaura bel.

Kusa da wannan akwai ra'ayin cewa motocin da sun fi na yanzu kariya, domin ƙarfensu ya fi kauri, na yanzu kuwa da an ɗan taɓa su sai su lotse. Lotsewar da gangan aka yi ta. Injiniyan Mercedes Béla Barényi ne ya yi rajistar wannan dabara a farkon shekarun 1950, aka fara amfani da ita a Marsandi samfurin W111 a 1959: gaba da bayan mota su nannaɗe su shanye ƙarfin karo, ɗakin fasinja kuma ya tsaya da ƙarfinsa. Idan jikin mota bai shanye bugun ba, ƙirji da wuyan mutum ne za su shanye shi. A 2009 cibiyar IIHS ta Amurka ta yi gwajin karo tsakanin Chevrolet Bel Air ta 1959 da Chevrolet Malibu ta 2009. Ɗakin direban tsohuwar ya rufta, na sabuwar ya tsaya. Gaskiyar da ke cikin zancen nauyi ita ce, idan babbar mota ta yi karo da ƙarama, na cikin babbar sun fi samun sauƙi. Idan kuwa da tirela ko ginshiƙin gada aka yi, tan 2 ba ya ceton kowa.

Ta fuskar gudu, lambar da ke bayan motar ta daina nuna girman inji. A zamanin W126 da W140, 500 na nufin inji mai lita 5. S 500 ta zubin W223 tana da inji mai lita 3 da silinda shida a jere, da turbo da ɗan taimakon lantarki, kuma tana kai kilomita 100 daga tsaye cikin ƙasa da daƙiƙa 5. S 580 tana da silinda takwas da lita 4. Mai silinda goma sha biyu ta rage ne a Maybach S 680 da kuma Guard. Kusan dukkansu kwamfuta tana tsayar da su a kilomita 250 cikin awa, bisa al'adar manyan kamfanonin Jamus, ko da injin zai iya wuce haka. An yi wannan lissafi ne da manyan hanyoyin Jamus, inda da wuya a ga mai tafiya a ƙasa, ko dabba, ko mai tahowa ta hannun da ba nasa ba. A Najeriya iyakar ƙaramar mota a babbar hanya mai tagwayen layi kilomita 100 ce. Abin damuwa shi ne shirun da ke cikin motar yana ɓoye gudun: a 200 mota tana cin kusan mita 56 a daƙiƙa guda, kuma ƙarfin karonta ya ninka na 100 sau huɗu.

Cewa motar tana tuƙa kanta gaskiya ne a wuri ƙalilan. A Disamban 2021 hukumomin Jamus suka amince da na'urar Drive Pilot, wadda ke barin direba ya saki sitiyari ya ɗauke ido daga hanya a cunkoso, a gudun da bai wuce kilomita 60 ba. Daga baya aka ɗaga zuwa 95. Jihohin Nevada da Kalifoniya a Amurka sun amince da ita a 2023. Sharuɗɗan suna da tsauri: babbar hanyar da ke cikin taswirar kamfanin, layukan fenti a fili, yanayi mai kyau, mota a gaba, direba kuma a farke, a shirye ya karɓa cikin daƙiƙa 10. A wajen waɗannan wurare na'urar ba ta kunnuwa. Abin da ya rage shi ne Distronic, mai kiyaye tazara da rada, da mai riƙe layi, kuma duka biyun mataimaka ne da ke buƙatar hannun direba.

Daɗin zama kam ba a yi ƙari ba. Kujerun baya suna kwantawa, suna tausa, suna hura sanyi ko ɗumi, tayoyin baya kuma na iya juyawa har digiri 10 don doguwar motar ta yi kwana a matsattsen wuri. Tushen laushin shi ne Airmatic, wanda ya zo da W220 a 1998: maimakon sifirin na ƙarfe, kowace ƙafa tana kan jakar roba cike da iska da kwamfureso ke hurawa. Daga nan aka samu zancen cewa motar ba ta jin rami. Na ciki ne ba ya ji, amma taya mai siririn gefe da rim da jakunkunan suna ji. Roba tana tsufa, zafi da ƙura suna gaggauta tsufan. Motar da ta kwana a tsaye aka wayi gari ta durƙusa kamar raƙumi tana da yoyon iska, kuma idan aka ci gaba da hawa a haka kwamfureson ne zai ƙone saboda aiki ba hutu.

Wata al'ada da ta zama ruwan dare a garejin ƙasashe masu zafi ita ce cire tamostat da haɗa fanka kai tsaye, wai motar an yi ta ne don ƙasar sanyi. An tsara injin ya yi aiki a wani mizanin zafi, kuma kwamfutarsa da wannan mizani take auna man da za ta ba shi. Injin da ba ya kai zafinsa yana shan mai fiye da kima, yana kuma saurin lalacewa. Idan mota tana zafi, sai a duba lagireto da famfon ruwa da fankar kanta, a kuma zuba ruwan sanyaya inji na ainihi maimakon ruwan famfo. Injinan fetur ɗin suna son mai mai oktan 95, na dizal kuma suna son gas mai ƙarancin sulfa, in ba haka ba matatar hayaƙinsu ta toshe.

Saura zancen araha. Gaskiya ne farashin S-Class yana faɗuwa da sauri, har 'yar Kwatano mai shekara goma sha biyar ta iya zuwa kusa da kuɗin ƙaramar mota mai ƙarancin shekaru. Kayan gyaranta dai ba sa faɗuwa tare da ita. Wasu daga cikin waɗanda ake shigowa da su sun taɓa yin haɗari ko sun sha ambaliya a inda suka fito, kuma akan gyara jikin a bar gurbin jakar iska wayam. Mai saye ya murɗa makulli ko ya danna maɓalli ya duba fitilar jakar iska a allon gaban direba: lafiyayyiya tana kamawa na ɗan lokaci sannan ta mutu da kanta. Wadda ba ta kama ba sam, da wadda ta ƙi mutuwa, duka abin tuhuma ne. Ya binciki tarihin motar da lambar shasi mai harufa da lambobi 17, ya kuma sa makanikin da ke da kwamfutar gwajin Mercedes ya karanta ta kafin ya biya ko sisi.