Shirin Musamman: Wa Zai Zuba Kuɗi a Binciken da Ba Shi da Tabbas?

Yau shirin zai leƙa Birtaniya, inda hukumomi ke ware kuɗi don binciken muhalli mai kasada, wanda ko masu yin sa ba za su rantse cewa zai yi nasara ba.

A tashar Halley da ke yankin ƙanƙara na Antatika, masanan Birtaniya sun fara auna iskar ozon tun wajajen 1957. Ita ce iskar da ke can sama tana tace zafin hasken rana mai ƙona fata. Shekara da shekaru ana ɗora na'ura, ana rubuta lambobi cikin sanyi mai daskarar da yatsu, babu wani labari. Mai riƙe da lalitar gwamnati yana iya cewa asarar kuɗi ce.

Sai a 1985, masana Joe Farman da Brian Gardiner da Jonathan Shanklin suka bayyana cewa ozon ɗin da ke saman tashar ya ragu da fiye da kashi ɗaya bisa uku a watan Oktoba. Suka ɗora laifin kan sinadaran CFC da ake sa wa firji da gwangwanin feshi. Cikin shekara 2, wato a 1987, ƙasashe suka sa hannu kan yarjejeniyar Montreal don rage amfani da waɗannan sinadarai, kuma yanzu ɓarakar da aka samu a ozon ɗin tana ɗinkewa sannu a hankali.

Irin wannan riba ce ta sa a 2023 Birtaniya ta kafa hukumar bincike mai suna ARIA da jarin fam miliyan 800, aka kuma ba ta damar gwada abin da zai iya faɗuwa. A 2025 hukumar ta ware kusan fam miliyan 57 don nazarin hanyoyin sanyaya duniya, ciki har da zuƙo ruwan teku ana watsa shi kan ƙanƙarar Arewacin duniya don ta ƙara kauri, da fesa gishirin teku cikin gajimare don ya mayar da hasken rana.

To masu sauraro, nan ne maganar ta shafe mu. Bincike ya danganta farin da ya addabi Sahel a shekarun 1970 da 1980 da hayaƙin masana'antun Turai da Amurka, wanda ya sanyaya Arewacin tekun Atlantika, ya tura damina Kudu. Duk wanda zai taɓa hasken rana, ya taɓa gonar gero a Maraɗi da Katsina.

Saboda haka muna goyon bayan a zuba kuɗi a binciken da ke da kasada, domin rashin sani ya fi dare duhu. Amma dole a sa masanan Afirka cikin masu yanke shawara, a ba jami'o'inmu rabonsu, a kuma bayyana sakamako ko da gwajin ya ci tura.