Garantin aikin kankare: Abin da ya kamata mai aiki ya riƙe kafin ya sallami ɗan kwangila

A ƙananan hukumomin Birnin Kudu da Gwaram da ke kudancin Jihar Jigawa, damina ce alƙalin duk wani aikin siminti. Kwalbati ko magudanar ruwa ko daɓen tsakar gida da aka kammala da rani kan yi kyau a ido, amma ruwan watan Agusta ne ke fallasa wanda aka rage wa siminti ko rodi. Wannan ne ya sa garanti ke da muhimmanci.

Garanti alƙawari ne a rubuce cewa ɗan kwangila zai gyara, da kuɗinsa, duk aibin da ya bayyana cikin wani wa'adi bayan miƙa aiki, galibi wata 6 zuwa 12. Domin alƙawarin ya yi nauyi, akan riƙe wani kaso na kuɗin aikin, yawanci kashi 5 cikin 100, har wa'adin ya cika. A kwangilolin Gwamnatin Tarayya da ake ba da kuɗin fara aiki, dokar sayen kayayyaki da ba da kwangila ta 2007 ta wajabta wa ɗan kwangila kawo lamunin da bai gaza kashi 10 cikin 100 na darajar aikin ba.

Sai dai garanti yana da iyaka. Yakan shafi aibin da ya samo asali daga rashin ingancin aiki, kamar yashi mai laka, ƙasar da ba a danne ba, ko kankaren da ba a shayar da shi ruwa na aƙalla kwana 7 ba. Ba ya ɗaukar ɓarnar ambaliya, ko ta tifa da aka hau da ita kan daɓen da aka yi domin masu tafiya a ƙasa.

A aikin ƙawata harabar gida ko makaranta kuwa, rani ne ma'auni. Ya kamata yarjejeniya ta fayyace wanda zai yi ban-ruwa, da wanda zai maye gurbin dashen da ya bushe ko gara ta cinye.

Saboda haka, wa'adin wata 6 da ya fara a Nuwamba zai ƙare tun ruwa bai sauka sosai ba. Mai aiki ya nemi wa'adin da zai ratsa damina cikakkiya, a rubuta shi gaban shaidu, kuma kada a biya cikon kuɗi sai aikin ya ga ruwa.