Kaska da Ciwon Jini a Jikin Kyanwa

'Yan'uwa manoma, duk lokacin da maganar kaska ta tashi a taron ƙungiya, shanu da tumaki da awaki mu kan tuna. Wani lokaci a ambaci kare. Kyanwa kuwa ba mai kawo sunanta, alhali ita ce ke gadin rumbu dare da rana ba tare da an biya ta ko kwabo ba. Gidan da kyanwarsa ta mutu, kafin wata biyu za a ji ɓeraye suna sukuwa a jinka, a ga kashinsu cikin dawa da gyaɗa. Ba hasarar hatsi kaɗai ke nan ba. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganewa a garin Lassa na ƙasar Borno a 1969, daga fitsari da kashin wani irin ɓeran gida ya kan shiga abincin mutane. Saboda haka lafiyar kyanwa ta shafi rumbu, ta kuma shafi iyali.

Kaska ba ta tashi sama, ba ta tsalle kamar ƙuma. Waɗansu su kan hau kan ciyawa su jira dabba ta gifta. Jar kaskar kare kuwa cikin gida ta ke zama, a tsagar bango da ƙarƙashin tsummar da kare ke kwanciya a kai. Ta macen idan ta sha jini ta ƙoshi sai ta faɗo ƙasa ta zuba ƙwai dubbai wuri ɗaya. 'Ya'yan da suka ƙyanƙyashe ƙanana ne ƙwarai, da ƙafa 6, ba su kai ƙwayar gero ba. Su hau dabba su sha jini, su faɗo su saɓe su zama masu ƙafa 8, su sake hawa wata dabba, su sake faɗowa, sa'an nan su zama manya su hau ta uku. A wannan hawa da sauka ne kaska ta kan ɗauko cuta daga jinin dabba marar lafiya ta kai wa mai lafiya. Ba nan take ta ke zuba cutar ba. Yawancin irin waɗannan ƙwayoyi sai kaska ta yi kwana ɗaya ko biyu a maƙale tukuna su ke wucewa ta yawunta. Ku riƙe wannan, gama a kansa dabarar tsaro ta tsaya.

Kyanwa ba ta tara kaska kamar kare, domin kullum tana lasar jikinta. Amma harshenta ba ya kai wa kunne da ƙeya da fuska da ƙarƙashin haɓa. A nan kaska ke samun mafaka.

Me ke faruwa cikin jini

Abin da ya sa jini ya ke ja shi ne ƙananan ƙwayoyi jajaye masu kai iska ko'ina cikin jiki. Cutar da mu ke magana a kai 'yar halitta ce wadda ido ba ya gani sai da madubin likita. Ta kan shiga cikin jar ƙwayar jini ta hayayyafa, ƙwayar ta fashe, 'ya'yan su shiga waɗansu. Jiki kuma da kansa ya kan rushe ƙwayoyin da suka kamu, a cikin saifa. Da haka jini ya ke ƙarewa ko da ba a ga ɗigo ɗaya ya zuba ba. Wanda ya san yadda zazzaɓin cizon sauro ke shanye jinin yaro ya riga ya fahimci rabin maganar. Bambancin shi ne a nan kaska ce ke yin aikin sauro.

Makiyaya sun daɗe da sanin irinta a shanu, watau ciwon da ke sa saniya fitsari ja kamar jini. Wani likita ɗan ƙasar Romaniya mai suna Victor Babes ne ya ga ƙwayar a jinin shanu a 1888, shi ya sa ake ce da ita Babesiya. A 1893 waɗansu masana biyu a Amurka, Smith da Kilborne, suka nuna cewa kaska ce ke yaɗa ta. Kowace dabba da irin tata. Ta saniya ba ta kama kyanwa, don haka kada wani ya kori kyanwarsa don ya ga saniyarsa na fitsarin jini. Ta kyanwa an fara bayyana ta a 1929 daga jinin wata kyanwar daji a ƙasar Sudan. Inda ta fi kwantar da kyanwoyin gida shi ne garuruwan bakin teku na Afirka ta Kudu.

A Amurka akwai wata mai tsanani fiye da wannan, ana kiranta Saitozun, wadda aka fara bayyanawa a kyanwoyin jihar Misuri a 1976. Kyanwar dajin can tana yawo da ita cikin jini ba ta damu ba. Kaska ta ɗauko daga gare ta ta kawo wa ta gida, ita kuwa zazzaɓi mai zafi ya kama ta, sau da yawa ta mutu cikin mako guda. Ko da maganin da likitocinsu ke haɗawa yanzu, kamar 6 cikin 10 ne ke tashi. Wannan cutar can ce, ba ta garuruwanmu ba. Na kawo ta ne don darasin da ke ciki: dabbar da ke ɗauke da cuta ba lalle ta yi kama da marar lafiya ba.

Akwai kuma Hefatozun, wadda hanyarta ta sha bamban. A kare an tabbatar ba cizo ke kawo ta ba, haɗiye kaskar ne, sa'ad da ya ke cizon jikinsa don ƙaiƙayi. Ana samun 'yar'uwarta a kyanwoyi a ƙasashe da yawa, amma galibi ba ta tayar da ciwo sai jiki ya raunana da wani abu dabam. Har wa yau akwai wata ƙwayar da ke manne wa jajayen ƙwayoyin jini daga waje, wadda aka fi gani a muzurai masu yawon dare da faɗa, da masu ƙuma da yawa. Alamunta iri ɗaya ne da na Babesiya, maganinsu kuwa dabam. Shi ya sa ido kaɗai ba ya raba su, sai an ɗiga jini a gilashi an duba.

Yadda za ka gane

Kyanwa gwanar ɓoye ciwo ce. Abin da za ka fara gani shi ne ta daina farauta, tana kwance wuri ɗaya, an ba ta kifi ta sunsuna ta juya kai. Gashinta ya hargitse don ta bar lasa. Sai ka riƙe ta a hankali ka ɗaga leɓenta ka dubi dasashi. Na mai lafiya ja ne garau kamar cikin leɓenka. Idan ya yi fari fat, jini ya yi ƙasa. Idan ya yi rawaya, shi da farin ido da cikin kunne, shawara ta shiga. Fitsari ya kan yi duhu, numfashi ya yi sauri ko da tana kwance. Kada ka ce tun da jikinta ba zafi lafiya ta ke, gama Babesiyar kyanwa sau da yawa ba ta zuwa da zazzaɓi.

Maganin da ke kashe kyanwa

A nan zan daɗe kaɗan, domin a ganina hannun mai gida ya fi kaska haɗari ga kyanwa. Hantar kyanwa ba ta iya narkar da waɗansu magunguna da mutum da kare da saniya ke ɗauka lafiya.

Na farko farasitamol. Ƙwaya ɗaya ta babban mutum ta isa ta kashe kyanwa. Fuskarta ta kumbura, dasashinta ya koma ruwan ƙasa, numfashi ya gagara. Kada a ba ta ko ɓari.

Na biyu ruwan wankan shanu da maganin kaskar kare. Da yawa cikinsu suna da famitrin ko danginsa, ko amitaraz. Kyanwar da aka shafa wa famitrin ta kan kama rawar jiki da zubar da yawu, ta yi ta farfaɗiya har ta mutu. Ko kwanciya kusa da karen da aka shafa wa yau ya isa ya taɓa ta, don haka a raba su kwana biyu ko uku. Haka nan fiya-fiya da kalanzir da baƙin mai. Mutum ya kan manta cewa duk abin da ya zuba a gashin kyanwa cikinta zai shiga, tun da lashewa za ta yi. In tsautsayi ya riga ya faru, a wanke ta maza da sabulu da ruwa mai ɗan ɗumi, a tsane ta da tsumma, a lulluɓe ta, a nufi likitan dabbobi da kwalbar maganin a hannu.

Na uku allurar Berenil da mu ke yi wa shanu don sammore. Ba ta cika yin aiki a kan Babesiyar kyanwa ba, tana kuma iya yi mata lahani. Maganin da likitoci suka ga yana aiki shi ne firimakwin, na zazzaɓin cizon sauro, amma ma'auninsa ƙanƙane ne har ninki biyu kawai na iya kashe ta. Dole a auna nauyin kyanwar, likita ya lissafa. Ko ta warke, ƙwayar ta kan saura cikin jini, ciwon na iya dawowa in ta sha yunwa ko ta haihu.

Abin da ya rage a hannunka shi ne jinya: wuri mai inuwa, ruwa mai tsabta, ɗan dafaffen kifi ko nama ko hanta kaɗan. A guji ba ta ragowar miya mai albasa da tafarnuwa da yawa, gama su ma suna lalata jajayen ƙwayoyin jinin kyanwa.

Cire kaska

Da damina, lokacin da kaska ta fi yawa, a laluba kan kyanwa da wuyanta kowace yamma. Yara sun fi manya iya wannan, in an koya musu. Wanda ya ga kaska ya kama ta da hantsaki dab da fata, ya ja a hankali, a miƙe, har ta saki. Kada a ƙona ta da ashana tana maƙale, kada a matsa cikinta. A jefa ta wuta ko cikin gwangwani mai ɗan kalanzir. Al'adar murƙushe kaska da farce a bar ta, ko ta kyanwa ce ko ta saniya, domin waɗansu kaskar shanu suna ɗauke da mugun zazzaɓi mai sa mutum zubar jini. A wanke hannu da sabulu bayan an gama. A shagon maganin dabbobi akwai na ɗigawa a ƙeya mai fifuronil, wanda kyanwa ke ɗauka lafiya daga mako 8 da haihuwa. A tabbata an rubuta a jikinsa cewa na kyanwa ne.

Kaskar da ka gani a jikin dabba kaɗan ce bisa ga wadda ke ɓoye a gida. A yaɓe tsagar bango, a share ciyawar gindin rumbu, a ƙone tsohuwar tsummar kare. Gidan da ya bar karensa da kaska zai yi ta cirewa daga kyanwa ba iyaka.

Kyanwoyin da ba su da masu su, na kasuwa da mahauta da wajen injin niƙa, su ne ba mai duba kunnensu. Ban ce a kashe su ba, su ma ɓera su ke ci. Amma kada yara su kama su da hannu, gama haukan kare na kama kyanwa, cizonta kuma na kai shi ga mutum. Wanda ta ciza ko ta yakusa ya wanke wurin da sabulu da ruwa har minti 15, ya tafi asibiti ran nan. Wanda ya tsinci ɗan kyanwa zai riƙe, ya ware shi mako biyu, ya cire masa kaska da ƙuma, ya dubi dasashinsa kafin ya haɗa shi da na gida.

Manomi ɗaya ba zai iya kiran likita daga nesa don kyanwa ɗaya ba. Ƙungiya kuwa tana iyawa. Ran da aka gayyato malamin dabbobi don allurar awaki da kaji, sakatare ya sanar tun mako guda kafin nan cewa a kawo karnuka da kyanwoyi su ma. Kyanwa a sa ta cikin kwando mai murfi, ba a buhu ba. A yi musu allurar haukan kare, wadda dasashinta ya yi fari kuma a roƙi malamin ya ɗebi jininta ya kai inda akwai madubi.