KUƊIN INTANET A GIDA: Bayani Ga Hakimai Da Magatakardansu

An shirya wannan ɗan littafi domin hakimai da dagatai da malaman da ke rubutu a ofisoshinsu. Dalili kuwa shi ne, kukan talakawa a kan tsadar intanet ya yawaita, musamman tun daga watan Janairu na 2025, sa'ad da aka yarda wa kamfanonin waya su ƙara kuɗi. Ga al'ada, in abu ya dami talaka, ƙofar hakimi ya kan nufa. Saboda haka ya kamata wanda za a tambaya ya san inda kuɗin nan ke tafiya, da abin da ke sa su hau, da kuma abin da shi kansa zai iya yi a gundumarsa don su sauka.

1. Yadda a ke yi a da

Intanet ya fara shiga gidajen mutane a Nijeriya a ƙarshen shekarun 1990. A 1996 ne Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, watau NCC, ta ba kamfanoni izni su sayar wa jama'a hanyar shigarsa. A lokacin nan babu wata hanya ga mai gida sai ta wayar tarho irin ta girke, wadda kamfanin gwamnati na NITEL ke jawowa bisa turaku.

Ga yadda abin ya ke. Mutum ya kan sayi kwamfuta, sa'an nan ya sayi wani ɗan akwati mai suna modem, ya haɗa shi da layin tarhon gidansa. Aikin akwatin nan shi ne ya juya maganar kwamfuta ta zama ƙara, domin layin tarho ba ya ɗaukar kome sai sauti. In za a shiga, sai kwamfuta ta buga lambar kamfanin, kamar yadda mutum ke kiran ɗan'uwansa. Daga nan sai a ji wani tsuwwa da shuu da ƙaraurawa na ɗan lokaci, watau na'urorin biyu suna gaisawa suna shirya yadda za su yi magana. Duk wanda ya yi zamanin nan bai manta da wannan ƙara ba. In an yi sa'a layi ya kama. In ba a yi ba sai a sake bugawa, wani lokaci sau biyar ko goma.

Wahalar hanyar nan iri uku ce. Ta farko, muddin ana cikin intanet, ba mai iya kiran gidan nan a tarho, kuma in wani ya ɗaga kan waya a wani ɗaki sai aiki ya yanke. Ta biyu, biya biyu a ke yi: kamfanin intanet ya karɓi nasa, kamfanin tarho kuma ya lissafa mintocin da aka yi bisa layi. Wanda ke zaune a garin da babu ofishin kamfanin intanet kuwa, kiran nesa ya ke yi, kuɗinsa ya fi na kowa. Ta uku ita ce nawa. Iyakar gudun modem mafi kyau kilobit 56 ne a daƙiƙa ɗaya, kuma da wuya layi ya kai haka. Bisa wannan lissafi, hoto guda mai nauyin megabait ɗaya ya kan ci minti biyu da rabi kafin ya gama sauka, daga sama yana bayyana kaɗan kaɗan kamar ana kwance tabarma.

Ban da wannan duka, layin ma samunsa aiki ne. Wajen shekarar 2000, layukan tarho masu aiki a ƙasar nan kimanin 400,000 ne kurum, ga mutane fiye da miliyan 100, kuma yawancinsu a Ikko da manyan birane su ke. Domin haka galibin waɗanda suka fara sanin intanet ba a gida suka san shi ba, sai a shagunan haya da a ke kira kafe, inda mutum ke sayen minti talatin ko awa ɗaya. Ɗalibai da yawa su kan kwana a can, gama kuɗin dare ya fi sauƙi, layi kuma ya fi sakewa.

Wannan hanya ta shuɗe. Ko a Amurka, inda ta fi daɗewa, kamfanin AOL, wanda ya yi suna da ita, ya rufe ta a ƙarshen watan Satumba na 2025.

2. Abin da ya sake

Abu biyu ne suka kawo canji. Na farko wayar hannu. A watan Janairu na 2001 gwamnati ta yi gwanjon lasisin wayar salula, kowane kamfani ya biya dala miliyan 285, kuma a watan Agusta na shekarar nan Econet da MTN suka soma aiki. Da fari magana kurum a ke yi da ita, a naira 50 kowane minti, har Globacom ya zo a 2003 da lissafin daƙiƙa. Daga baya aka ƙara mata ƙarfin ɗaukar intanet, mataki mataki, har aka kai ga wanda a ke kira 5G a 2022. A ƙarshen 2024 layukan da ke shiga intanet a ƙasar nan sun wuce miliyan 130.

Na biyu wayoyin ƙarƙashin teku. Intanet ba a iska ya ke ketare teku ba, kamar yadda wasu ke zato. Yawancinsa ta cikin wata waya ya ke bi, mai zaren gilashi siriri kamar gashi, wanda haske ke gudu a cikinsa. Waya ta farko irin wannan da ta iso Ikko ita ce SAT-3, wadda ta fara aiki a 2002, kuma NITEL kaɗai ke riƙe da ita a nan. Abin da ke hannun mutum ɗaya kuwa, yadda ya so ya ke sayarwa. Sai a 2010 aka sami wasu biyu, Main One daga Fotugal da Glo-1 daga Ingila, sa'an nan WACS a 2012, da Equiano a 2022. Da masu sayarwa suka yi yawa, sai kuɗin sari ya faɗi ƙwarai a bakin teku.

Tare da wannan, ma'aunin ciniki ya sake. Da lokaci a ke saye, yanzu kuwa yawan abin da aka ɗauko a ke biya, watau data, ana auna ta da megabait da gigabait. Gigabait ɗaya, wanda yaro ke iya cinyewa yau cikin awa guda yana kallon majigi a waya, da ta layin tarho za a jawo shi da sai an yi kusan awa 40 ba tsayawa, ana biyan kowane minti. Hausawa sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, amma a wannan sha'ani mudu ya fi araha bana nesa ba kusa ba. Abin da ya ƙaru shi ne yawan mudun da gida ke ci, da yawan bakunan da ke cinsa.

3. Inda kuɗin ke tafiya

Duk wanda ya san fatauci ya san goro ba shi da tsada a gindin bishiyarsa. Hanya ce ke sa masa kuɗi: ɗauka, da fito, da kuɗin zango, da hasarar da a kan yi a tafe. Haka intanet ya ke. A Ikko ya ke sauka da yawa, amma daga can zuwa Kano tafiyar kilomita wajen dubu ce, daga Kano zuwa ƙauye kuma wata tafiya ce dabam. Ga manyan abubuwan da ke cin kuɗi a hanya.

Na ɗaya, kuɗin haƙa. Kafin kamfani ya binne waya a gefen hanya sai ya biya gwamnatin jiha. A 2013 Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa ta shirya a riƙa karɓar naira 145 a kowace mita, amma jihohi da yawa suka ci gaba da karɓar dubbai. A 2020 jihar Ekiti ta rage nata daga naira 4,500 zuwa 145, jihar Kaduna kuwa ta yafe shi ɗungum. A duba bambancin: waya mai tsawon kilomita 100, a farashin farko naira miliyan 450 za a biya kafin a sa diga a ƙasa, a na biyu kuwa miliyan 14 da rabi. Inda kuɗin haƙa ya yi yawa, kamfani ya kan tsaya a babban birni, ƙauyuka su zauna babu.

Na biyu, wuta. Kowace hasumiyar waya tana bukatar lantarki dare da rana. Da ya ke wutar gari ba ta tsayawa, yawancinsu da janareta su ke aiki, ana kai musu man dizal da mota har cikin daji.

Na uku, canjin kuɗi. Kusan dukan kayan aikin nan daga ƙasashen waje a ke sayo su da dala. A farkon 2023 dala ɗaya wajen naira 460 ce a farashin gwamnati, a 2024 kuwa ta wuce naira 1,500.

Na huɗu, ɓarna. Masu gyaran hanya su kan tsinke waya da katafila, ɓarayi su kan sace batura da mai, wasu kuma su haƙo waya suna tsammanin tagulla ce, alhali gilashi ne wanda ba ya da kasuwa wurin 'yan gwangwan. Ko ta teku ba ta tsira ba: ran 14 ga Maris 2024 wayoyi huɗu suka lalace a gaɓar Kwaddibuwa, aiki ya tsaya a bankuna da ofisoshi da yawa na Afirka ta Yamma.

Saboda waɗannan dalilai kamfanoni suka nemi a ninka musu farashi. Hukumar NCC ba ta yarda da ninki ba, ta tsaya a kan kada ƙari ya wuce kashi 50 cikin 100. Shi ne ƙarin Janairu na 2025, kuma shi ne na farko irinsa tun 2013. A bisa kowane ciniki kuma akwai harajin saye na kashi 7 da rabi cikin 100, wanda aka sa a 2020.

4. Shawara ga masu gida

Hanyoyin shigo da intanet gida huɗu ne. Akwai datar wayar hannu, wadda ita ce ta yawancin jama'a. Akwai ɗan akwati mai layi a ciki wanda ke rarraba wa dukan gida. Akwai wayar gilashi da a ke jawowa har ɗaki, amma sai a wasu unguwannin manyan birane. Akwai kuma ta tauraron ɗan adam, kamar Starlink, wanda ya fara aiki a Nijeriya a Janairun 2023. Ita wannan tana kaiwa inda babu hasumiya, sai dai kayanta kaɗai na cin dubban ɗaruruwan naira, ban da kuɗin wata. Ta fi dacewa da makaranta ko asibiti ko ƙungiya, inda mutane da yawa za su haɗa kuɗi.

Kafin mai gida ya zaɓa, ya kamata ya lura da waɗannan. Sayen data kaɗan kaɗan kullum ya fi tsada bisa sayen ta wata guda, kamar yadda mai awon gwangwani ya fi mai sayen buhu biya. Yawancin data tana da ranar ƙarewa, sai a tambaya tun kafin a biya. Wadda a ke talla da sunan marar iyaka, sau da yawa tana da wani ƙa'idadden mudu wanda in an wuce shi a kan rage mata gudu. Majigi shi ne babban mai cin data, rubutu da saƙon murya kuwa kaɗan su ke ci. Waya kuma ta kan sabunta kayan cikinta da kanta in ba a hana ta ba, mai ita yana barci kuɗinsa na tafiya. Tun 2023 lambar duba ragowar data ɗaya ce a dukan kamfanoni, watau *323#. Wanda ya kai kuka ga kamfani ba a share masa hawaye ba, yana iya kiran hukumar NCC kyauta a lamba 622.

5. Abin da a ke bukata ga hakimai

Wannan sha'ani ya wuce na nishaɗi. Tun 2015 jarrabawar shiga jami'a ta JAMB da kwamfuta a ke yinta. Neman aiki, da aika kuɗi, da rajistar katin ɗan ƙasa, da sanin farashin hatsi a kasuwannin nesa, duk sun koma ta wannan hanya. Gundumar da ba ta da ita, 'ya'yanta ne za su riƙa biyan kuɗin mota zuwa birni domin aikin minti goma.

Domin haka ana roƙon hakimai abu huɗu. Su sa dagatai da masu unguwanni su san inda waya ta bi a ƙasarsu, su sa ido a kanta da hasumiyoyi, su kuma sanar da jama'a cewa tun 2024 gwamnatin tarayya ta sa kayan sadarwa cikin muhimman kayan ƙasa waɗanda taɓa su babban laifi ne. In za a yi aikin hanya ko magudanar ruwa, su tabbata an gaya wa masu waya tun kafin a fara haƙa. In kamfani ya zo neman fili ko hanyar wucewa da takardun izni, su sauƙaƙa masa, su hana masu tare ma'aikata suna neman kuɗin da doka ba ta sa ba, gama duk abin da aka karɓa a hanya a kan talaka ya ke komawa. Sa'an nan magatakarda su rubuta sunayen garuruwan da sabis bai kai ba, da yawan mutanensu, da makarantu da asibitocin da ke cikinsu, a aika ta hannun majalisar masarauta zuwa ga hukuma, domin ba a gyara abin da ba a san da shi ba.

Hakimi ba shi da iko a kan dala, ba shi kuma da iko a kan teku. Amma zangon ƙarshe na hanyar nan, daga babban titi zuwa ƙofar talaka, a cikin ƙasarsa ya ke, kuma shi ne zangon da ya fi kowane tsada. Allah ya taimaki shugabanni bisa riƙon amanar jama'a, amin.