Ɗan Maigida Ya Zauna Ko Ya Tafi? Rigimar Kocin Iowa Da Ta Raba Kan Magoya Baya A Amurka

 A gidan kallon unguwarmu nan Agege, duk ranar da aka lallasa Manchester United, kafin a kashe janareta an riga an yanke wa koci hukunci. Wasu su ce a kore shi yau ɗin nan, wasu su ce laifin 'yan wasa ne. Na ɗauka mu kaɗai ke da wannan ciwon, sai da wani ƙanina da ke karatu a Amurka ya turo mini bidiyon wani fili cike maƙil, mutane na ta ihu a kori wani mai suna Brian. Abin da ya ɗaure mini kai, ƙungiyar ba faɗuwa take yi ba, cin wasa take. Wanda ake ihun a kora kuma mataimaki ne, kuma ɗan cikin babban kocin ne. Tun daga nan na shiga bin labarin, kuma ina ganin ya kai a baje shi a faifai.

Wane irin ƙwallo ne wannan?

Ba ƙwallon ƙafa irin namu ba ne. Ƙwallon Amurka ne, wanda ake sa hular kwano ana karo da juna, ana riƙe ƙwallo mai siffar ƙwai a hannu. Kowane ɓangare mutum 11 ne, tsawon fili yadi 100, yadin nan dai da muke auna shadda da shi. Idan ƙwallo na hannunku, ana ba ku dama huɗu ku ci gaba da yadi 10. Kun cika, a sake ba ku huɗu. Kun kasa, ƙwallo ta koma hannun abokan karawa. Shi ya sa a dama ta huɗu yawanci sai a kira mai dogon bugu ya narka ta can nesa, don su ma su faro daga baya.

Wanda ya shiga da ƙwallo ƙarshen fili ya ci maki 6, ana ce masa tocdawun, sai a ƙara bugu ɗaya na maki 1. Idan aka buga ƙwallo ta bi tsakanin turaku, maki 3. Idan kuma kuka kayar da mai ƙwallo a cikin gidansu, maki 2.

Babban bambancinsa da namu shi ne, ana canja 'yan wasa yadda aka ga dama. Saboda haka kowace ƙungiya tamkar runduna biyu ce: 'yan hari, masu shiga idan ƙwallo na hannunsu, da 'yan tsaro, masu shiga idan tana hannun abokan karawa. Kowace runduna da kocinta a ƙarƙashin babban koci, shi ake kira kodineta. Kodinetan hari shi ke tsara dabaru, kuma a yawancin ƙungiyoyi shi ke zaɓar abin da za a yi a kowace dama, ya aika wa kwatabak, wato ɗan wasan da ke jefa ƙwallo. To ka ga idan maki ba sa shigowa, ba a wahalar neman wanda za a nuna wa yatsa.

Kada kuma kalmar jami'a ta ruɗe ka, ka ɗauka wasan yara ne. Jihar Iowa, wadda ake furtawa Ayowa, ba ta da ƙungiya a babbar gasar NFL, don haka ƙungiyar jami'ar, Hawkeyes, ita ce abin alfaharin ɗimbin mutanen jihar. Filinta, Kinnick, yana ɗaukar mutum kusan 70,000. Babban kocinta, Kirk Ferentz, yana kan kujera tun 1999, kuma kwantiragin da ya sabunta a 2022 na dala miliyan 7 ne a shekara.

Yadda ɗa ya zama mataimakin uba

Brian Ferentz ya buga wa Iowa wasa a ƙarƙashin babansa, ya yi aikin koci a ƙungiyar New England Patriots ta NFL, sannan ya dawo gida a 2012. A 2017 aka ɗaga shi zuwa kodinetan hari. Da yake jami'ar na da dokar hana mutum zama shugaban ɗan'uwansa na jini, sai aka rubuta a takarda cewa ubangidan Brian shi ne daraktan wasanni, Gary Barta. A fili kuwa, kowa ya san umarnin wa yake bi.

Da farko abin ya yi kyau. A Nuwamban 2017 Iowa ta ragargaza Ohio State, ɗaya daga cikin manyan ƙasar, da ci 55 da 24. A 2018 da 2020 tana cin sama da maki 30 a kowane wasa idan aka raba daidai. Daga 2021 abubuwa suka fara ja da baya, a 2022 kuma suka dagule. Wasan farko na kakar, Iowa ta ci South Dakota State 7 da 3. Wanda ya ji 7 zai ce tocdawun ɗaya ne da ƙarin bugu. Ina! Bugun turaku ɗaya ne, sai maki bibbiyu sau biyu da 'yan tsaro suka samo. 'Yan hari ko sau ɗaya ba su taka ƙarshen fili ba. Da kakar ta ƙare, a cikin manyan ƙungiyoyi 131, Iowa ce ta 130 wajen yawan yadin da 'yan hari suka ci. Duk da haka ta ci wasa 8 cikin 13.

Sharaɗin maki 25

Da surutu ya yi yawa, a Fabrairun 2023 Barta ya gyara kwantiragin Brian. Aka rage albashinsa daga dala 900,000 zuwa 850,000, aka gindaya masa sharaɗi biyu: ƙungiya ta ci aƙalla wasa 7, kuma ta riƙa cin maki 25 a kowane wasa idan aka raba. Wasa 13 sau 25 ya ba da 325. Nan take magoya baya suka mayar da wannan lamba abin lissafi, duk Asabar ana tarawa ana ɗebewa kamar masu bin adashi.

Sai dai sharaɗin kansa na da rami. Duk makin da ƙungiya ta ci ana lissafa masa, har da wanda 'yan tsaro suka ƙwato. Wato wani ya yi noma, a auna wa wani hatsi. Masu son a kore shi suka ce an sassauta wa ɗan lele. Masu goyon bayansa kuma suka ce an tozarta shi a bainar jama'a, an rataya masa lamba a wuya yadda ba a saba yi wa koci ba.

Abin da masu cewa ya tafi ke faɗa

Hujjarsu ta farko alƙaluma ne. A Satumban 2023 Penn State ta ci Iowa 31 da nema, kuma duk wasan yadi 76 kacal 'yan hari suka ci, ko tsawon fili ɗaya bai kai ba. A duk kakar, mai dogon bugunsu, Tory Taylor ɗan Ostireliya, ya buga ƙwallo nisan sama da yadi 4,400, ya kafa tarihi, alhali 'yan hari gaba ɗayansu ba su kai yadi 3,300 ba. Ka ji fa, mutumin da aikinsa miƙa wa abokan karawa ƙwallo ya fi masu neman ci tafiya da ita.

Ta biyu, sun ce ana ɓarnar wahalar 'yan tsaro. Kodinetan tsaro, Phil Parker, shi ya lashe kyautar Broyles ta gwarzon mataimakin koci a 2023. A ganinsu, da 'yan hari ko matsakaita ne, da Iowa ta yi gogayyar kofin ƙasa.

Ta uku ita ce mai zafin: da ba sunansa Ferentz ba, da tuni an sallame shi. A wannan gasa ana korar kodineta a kan abin da bai kai haka ba.

Abin da masu cewa ya zauna ke faɗa

Su ma ba a banza suke magana ba. Suka ce a duba allon sakamako: a kaka bakwai da Brian ya yi yana kodineta, Iowa ta ci wasa 61, ta faɗi 27, sau uku tana cin wasa 10 a kaka ɗaya. Ƙungiyoyi nawa ne masu zuba maki kamar ruwa da ba su samu haka ba?

Suka ƙara da cewa salon na uban ne. Kirk Ferentz ya gina ƙungiyarsa a kan kada a yi kuskure, a riƙe ƙwallo a ci lokaci, a tura abokan karawa can baya, a jira su yi kuskure. Masu kallon ƙwallonmu za su tuna yadda Mourinho ke tare gida ya ci ɗaya mai ban haushi. Duk kodinetan da aka kawo, in ji su, cikin wannan keji zai yi aiki.

Sai batun rauni. A 2023 Iowa ta ɗauko kwatabak Cade McNamara daga Michigan, ya ji ciwo a gwiwa a ƙarshen Satumba, kakarsa ta ƙare. Manyan masu cafe masa ƙwallo biyu, Luke Lachey da Erick All, su ma rauni ya fitar da su. Wa zai yi tuwo ba gari?

Yadda aka ƙare

Barta ya yi ritaya a Agustan 2023, Beth Goetz ta karɓi riƙon ƙwarya. Ranar 30 ga Oktoba, ana tsakiyar kaka, ta sanar cewa Brian zai ƙarasa kakar amma ba zai dawo a 2024 ba. A lokacin Iowa ta ci wasa 6 cikin 8, da maki 156. Kirk Ferentz bai ɓoye cewa al'adarsa ita ce a jira kaka ta ƙare kafin a auna kowa ba.

Sauran kakar ta ba kowane ɓangare abin kafa hujja. Iowa ta ci wasa huɗu a jere, ta zo ta ɗaya a rukunin yamma na gasar Big Ten, masu goyon baya suka ce kun gani ko. Sai Michigan ta ci ta 26 da nema a wasan ƙarshe na gasar, Tennessee ta ƙara mata 35 da nema ranar 1 ga Janairun 2024. Jimillar maki 216 a wasa 14, ina 325.

Aka kawo Tim Lester a madadinsa. A 2024 Iowa ta ci maki 360 a wasa 13, ta wuce waccan lambar da ta gagari Brian. Amma wasa 8 ta ci, ba 10 ba. Don haka musun bai mutu ba. Wasu na nuna maki, wasu na nuna yawan nasara, ko da yake a shekarar an faɗaɗa Big Ten zuwa ƙungiya 18 an kuma rushe rukunan, abin da ya sa kwatanta kakar biyu ke da wuya.

Inda na tsaya

Ni dai ina ganin tafiyar tasa ta dace, amma ba alƙaluman kaɗai suka kai ni nan ba. Mai yiwuwa Brian ya iya aikinsa fiye da yadda masu ihu ke zato. Matsalar ita ce babu wanda zai iya auna shi a yarda da awon. Idan uban ya ce yana ƙoƙari, a ce son kai ne. Idan darakta ya ce ya gaza, ga babban koci mai shekara sama da 20 a kujera zai ɓata wa rai. Hausawa na cewa hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, kuma ba adalci ba ne a ɗora wa uba wannan yankan. Dokar jami'ar ta hango haka, sai aka zagaye ta da takarda, aka bar uba da ɗa da 'yan wasa suna shan ihu har shekara biyu.

Duk wanda ya taɓa zama a shagon da ɗan maigida ke riƙe da aljihun kuɗi ya san wannan yanayin. Idan ciniki na tafiya, ba mai magana. Ranar da aka samu giɓi, yaran shago su yi ta gunaguni a bayan ido, maigida kuma ya rasa bakin tambaya. Shi kansa ɗan yana cutuwa, don ko ya yi abin kirki za a ce ai gidansu ne. Idan za ka ba naka amana, tun ranar farko ka nemo wanda zai iya duba littafinsa ya faɗa maka gaskiya, kuma ka yarda da abin da ya faɗa ko da bai yi maka daɗi ba. Allah Ya sa mu dace.